Na Kulle Kwamfuta da Sunan da Ba Na Faɗa

Tun ranar da aka ɗebi jinin ɗana na fari a wurin aikinmu na fara yi wa kwamfutocin wurin wani irin kallo. Da can kayan goge-goge ne a wurina, in share musu ƙura in wuce. Daga ranar nan kuwa sai na riƙa ganin kamar kowacce tana da baki, kuma wata rana ɗayarsu za ta buɗe shi.

Ina aiki a wani ƙaramin ɗakin gwajin jini a Gaya, na wani bawan Allah ne mai zaman kansa. Likita muke ce masa, duk da ya sha gaya mana shi mai gwaji ne, ba likita ba. Aikina shara da wanke-wanke, kiran mutane in layinsu ya zo, da miƙa musu ambulan ɗin sakamakonsu a rufe. Karatuna bai wuce firamare ba, can a Toranke inda aka haife ni. Ina haɗa baƙaƙe a hankali, lambobi kuwa ba sa ba ni wahala.

Yaron yana ɗan shekara biyu da 'yan watanni hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura, ya yi ta kuka ba a san inda ke masa ciwo ba. Likita da kansa ya yi gwajin, ya kira ni da maigidana ofis ya rufe ƙofa. Sikila ce. Ya yi mana bayanin magani da yawan shan ruwa da kiyaye shi daga sanyi da sauro. A hanyar gida, cikin adaidaita sahun da maigidana yake tuƙawa, muka yanke cewa ba wanda zai ji tukuna, har surukata.

Ba don surukata muguwa ce ba. Tsoron ƙaunarta nake yi. A maƙwabtanmu a Toranke akwai wani da aka haifa da wannan ciwo. Ba a taɓa aikensa ba, ba a taɓa yi masa faɗa ba, ba a sa shi makaranta ba. In ya yi ɓarna sai a ce a ƙyale shi, kwana nawa ya rage masa. Yana nan da ransa har yau, da gemunsa, yana zaune a ƙofar gida bai iya komai ba, domin tun yana yaro aka gama yi masa ta'aziyya. Ni ina so nawa ya sa yunifom, a aike shi sayen magi, ya yi laifi a ja masa kunne. Na san ranar da labarin ya shiga gidan surukata ta bakin wani, daga ranar an daina kallonsa a matsayin yaro.

To ga inda damuwar take. Kwamfuta huɗu ce a wurin aikinmu: ɗaya a teburin karɓar baƙi, biyu a ɗakin gwaji, ɗaya a ofishin Likita. Dukkansu kalmar sirri ɗaya ce take buɗe su, wato lambar babur ɗin Likita, kuma an rubuta ta da biro a jikin filasta an manna a gindin kowacce don kada a manta. Duk wanda ya zauna ya danna ta, komai na kowa yana gabansa. A teburin karɓar baƙi kuma 'yar kawun maigidana ce take zama. Ta gama sakandare, yatsunta suna gudu a kan madannai kamar mai tsince shinkafa, ga fara'a, ga kyauta. Sai dai abin da ta ji da azahar, kafin la'asar ya isa gidan gwaggonta, wato surukata. Ba da mugunta take yi ba, magana ce ba ta iya kwana a cikinta.

Akwai tsokanar da ba ta gajiya da ita. A gidanmu mace ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, haka na ga uwata ta yi, haka na taso. Ko a asibiti in an tambaye ni, katin rigakafi nake miƙawa. Sai 'yar kawun nan ta bari wuri ya cika ta ɗaga murya ta ce, “Matarmu, na manta, yaya ma sunan yaron nan naki?”

In ce, “Ke kika raɗa masa ai, ki tuna.”

Ta ce, “Harafin farko kawai. Wallahi in kika faɗa yau ni zan yi miki shara.”

A yi ta dariya, ni kuma in ja hijabina in wuce.

Zan faɗi wani abu a kaina tunda na ɗauko rubutu. Ni ce mai fara zuwa da safe. Da kallo na koyi yadda ake buɗe kwamfutar teburin baƙi, sai in sa lambar katin yaron in zauna ina duban haruffan sakamakonsa guda biyu masu kama da juna, SS, kamar in na daɗe ina kallo ɗaya zai canja. Wata rana kuma, bayan wata mata 'yar garinmu ta zo gwaji ta fita tana share ido, na sa lambar katinta na duba. Ban gane rabin abin da aka rubuta ba, amma na gane abin da ya isa. Ban gaya wa kowa ba. Sai dai daga ranar tsorona ya ninku, domin in ni mai tsintsiya na iya, ina ga mai gudun yatsu?

Ana nan sai Likita ya buɗe wani ɗan ɗaki a Ajingi inda za a riƙa ɗibar jini, yana so sakamako ya riƙa isa can ba sai an ba ɗan acaɓa takarda ba. A makon nan kuma sakamakon wani mutum ya ɓace daga kwamfuta, aka tambayi kowa, kowa ya ce ba shi ba ne, kuma ba yadda za a gane tunda duk da kalma ɗaya muke shiga. Sai ya ɗauko wani injiniya daga Kano, dattijo mai furfura a gemu, da jakar baya da tabarau a rataye a wuya. Kwana uku ya yi yana zuwa.

Ni aka ce in riƙa share garin bangon da yake hudawa don wuce waya, shi ya sa na fi kowa zama kusa da shi. A sito, inda muke ajiye kwalayen safar hannu, ya kafa wani baƙin akwati a kan kanta ya jona masa wayoyi. Na duba gaba na duba baya, na ce, “Malam, wannan ba ta da fuska ne?”

Ya ce, “Ba ta buƙata. Ba da mutane take magana ba, da 'yan'uwanta take yi.”

“Me take ce musu?”

Ya sauke tabarau ya dube ni, ina jin bai zaci tambaya daga mai shara ba. Ya ce ita ce uwarsu. Sunan kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa a cikinta za su zauna, ba a cikin sauran ba. In na zauna a kowace kwamfuta na sa sunana da kalmata, sai waccan ta aiko ta waya ta tambayi ta sito, kin san wannan? In ta ce ta san ni, sai ta faɗi ƙofofin da za a buɗe mini da waɗanda za a bari a rufe.

Na ce, “Har ta Ajingi sai ta aiko nan ta tambaya?”

“Har ita. Kafin ki ƙifta ido ta je ta dawo.”

Na yi ta juya wannan a raina, hanyar da maigidana yake bi yana kaucewa ramuka, wai tambaya ta je ta dawo kafin ƙiftawar ido. Na ce to in mutum ya bar aiki fa? Ya ce a nan kaɗai za a soke sunansa, duk ƙofofin su rufe masa a lokaci guda, ba sai an bi kowace kwamfuta ana canja kalma ana sake manna filasta ba.

Rana ta biyu ya yage murfin kwali ya ja layuka, ya kasa mu gida-gida: masu gwaji, masu karɓar baƙi, masu miƙa sakamako. Ya ce ba mutum yake ba izini ba, gidan yake ba, duk wanda aka sa a gidan ya samu. Gidan masu miƙa sakamako ni kaɗai ce a ciki, amma duk da haka ya ja mini layina. Likita kuwa mabuɗi biyu ya ba shi, ƙarami na aikin kullum, da babba mai buɗe komai wanda ya ce kada ya taɓa shi sai da dalili. Wannan ya ba ni mamaki, mai wuri da kansa a ce masa ya riƙa yawo da ƙaramin mabuɗi. Akwai wani dattijo a cikin masu gwajinmu, Baba muke ce masa, shi abin bai yi masa daɗi ba ko kaɗan.

Ya ce, “Tun wurin nan yana shago ɗaya nake nan. Yau kuma sai akwatin sito ya ba ni izini?”

Injiniya ya ce, “Baba, kai ma ka huta. Gobe in abu ya ɓace, akwatin ne zai ce ba kai ba ne.”

Baba ya ce, “In kuma ni ne fa?”

“Sai ya ce kai ne.”

Ni dai lissafina daban yake. Injiniya ya ce kowa zai samu ɗakinsa a cikin akwatin. A katin yaron kuma sunana ne a rubuce a wurin uwa. Sai na ɗauka, tunda akwatin sunaye yake bi, takardar yaron ɗakina za ta faɗa, ni ce zan riƙe mabuɗinta. Na so in tambaya, amma tambayar kanta tona asiri ce. Na ci gaba da sharata ina murna a ciki.

Da aka zo zaɓen kalmar sirri, ɗaya bayan ɗaya yake kiran mu. Ya zaunar da ni a kujerar da ban taɓa zama a kai ba in da mutane a wurin, ya nuna mini inda zan rubuta. Ya ce, “Ki zaɓi abin da ba za ki manta ba, wanda kuma ba a taɓa ji a bakinki ba. Ki ƙara masa lamba a ƙarshe.” Ya juya mini baya yana kallon bango.

Ban yi dogon tunani ba. Kalma ɗaya ce a duniya da ba zan manta ba kuma ba ta taɓa fita daga bakina ba. Da yatsa ɗaya na nemo haruffan, ina jin nauyi kamar surukata tana tsaye a kaina, don ko a takarda ban taɓa rubuta sunan ba. Sai na ga ba haruffa ne suke fitowa a fuskar kwamfutar ba, ɗigo-ɗigo ne baƙaƙe. Na ce a raina ashe ita ma ta san kunya. Na ƙara uku, shekarunsa a lokacin. Na tashi ina jin ba mai dabara kamata a duk Gaya.

Rana ta uku bayan azahar mutane suka yi sauƙi, muna zaune a wajen teburin baƙi muna cin dafaffiyar gyaɗa. Injiniya yana naɗe ragowar waya. Sai 'yar kawu ta ce ita fa duk wannan kulle-kullen bai dame ta ba, ta san kowa a wurin nan ciki da waje, za ta iya buɗe ɗakin duk wanda ta ga dama.

Injiniya ya ce, “Madalla, gara a gwada ina nan. Sau uku gare ki, a na huɗu ta kulle.”

Ta fara da Baba. Ta sa sunan garinsu, ta sa sunan amaryar ɗansa, ta sa lambar wayarsa, duk aka ƙi. Baba ya gyara hula ya ce, “Yarinya, je ki girma.”

Ta juyo kaina. “Saura matarmu.”

Na ce, “Bismillah,” har da miƙa mata gyaɗa.

Ta sa Toranke, aka ƙi. Ta sa sunan maigidana, aka ƙi. Ta tsaya ta ɗora haɓa a hannu tana kallona, sannan ta ce, “Injiniya, tsaya. Da za ta zaɓa, me ka ce mata?”

“Abin da na ce wa kowa. Wanda ba za ta manta ba, kuma ba a taɓa ji a bakinta ba.”

Sai Baba ya fara dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Ɗayan mai gwajin ya kifa kai a tebur. Baba yana tari yana cewa, “Wannan ko ni na sani! 'Yata, ai duk garin nan an san sunan da ba kya faɗa.”

'Yar kawu ta danna haruffan tana rera sunan da ƙarfi. Ta ce, “Shekararsa uku ko, matarmu? Ni na soya wainar sunansa.” Ta danna. Kwamfutar ta buɗe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Gyaɗar cinyata ta watse a ƙasa. Na riga na ga komai a gabana: haruffan nan biyu a fuskar kwamfuta, 'yar kawu ta dafe ƙirji, kafin la'asar surukata ta aiko a kawo mata jikanta, ta rungume shi tana kuka, shi ke nan an cire shi daga cikin yara. Na zagaya teburin na buɗe hijabina na tare fuskar kwamfutar.

'Yar kawu ta ce, “Ikon Allah! Me kika ɓoye a ciki, hoton saurayi?” Ta ɗage gefen hijabin ta leƙa, ni ma na leƙa.

Lambobin ambulan ne a jere, kowacce da ɗan akwati a gefenta inda zan danna in na miƙa. Ba suna, ba sakamako. Ta ja ƙasa ta ja sama, ta danna nan ta danna can, ba komai.

Ta ce, “Haba matarmu, duk wannan tsalle a kan ɗakin da ko tabarma babu?”

Aka sake fashewa da dariya. Na yi ƙoƙari na taya su, na durƙusa ina tsince gyaɗa don kada a ga fuskata. Injiniya bai yi dariya sosai ba. Ya ce kowa ya ga darasi, kuma duk wanda ya sa sunan ɗa ko na mata ko na gari ya zo ya canja kafin ya tafi. Ban da ni, mutum biyu suka miƙe, har da ita mai bakin.

Da na same shi a sito yana kulle jakarsa, na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya na ce, “Malam, tambaya gare ni. Misali mutum yana aiki a nan, kuma an taɓa yi wa wani nasa gwaji. Takardar tana ɗakin wa?”

Bai ɗago ba, ya ci gaba da jan zif. Ya ce, “Tana ɗakin masu gwaji. Su da Likita kaɗai. Kuma duk wanda ya buɗe ta, akwatin nan yana rubuta sunansa da lokacin.”

“Mai karɓar baƙi fa?”

“Suna da ranar zuwa kawai take gani.”

“Ko da uwa ce?”

“Ko da uwa ce. Ta je ta ƙwanƙwasa ofishin Likita ta tambaya kamar kowa.”

Na ce, “To waɗanda suka buɗe a da, kafin ka zo?”

Ya ce wannan ba shi da hanyar sani, lokacin kowa sunansa lambar babur. Sai a nan ya ɗago ya ce in zo in canja kalmar. Ya ce in haɗa abubuwa uku da ba ruwan ɗaya da ɗaya, waɗanda ba su da alaƙa da kowa nawa. Na haɗa. Har yau ba wanda ya cinka, kuma a nan ma ba zan faɗa ba.

Washegari da safe na cire filastocin nan huɗu da farce na goge gurbinsu. Na shiga da sunana, na sa lambar katin yaron don in gani da idona. Wani ɗan rubutu ya fito da jan alama, na haɗa baƙaƙen a hankali, ba ni da izini. Na ji wani abu ya soke ni, ɗana ne fa. Na daɗe a zaune. Sai matar nan 'yar garinmu ta faɗo mini a rai, wadda har yau in mun haɗu a biki nake kasa haɗa ido da ita, ita kuma ba ta san dalili ba. Na kashe kwamfutar na ɗauki tsintsiyata.

Ko 'yar kawu ta taɓa cin karo da takardar a zamanin filasta, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne a makon nan surukata ta kama yaron yana wasa da tokar murhu ta ɗaɗa masa duka a ɗuwawu, ya zo yana kuka, ni kuwa har da hamdala.

Sai da ya shiga makaranta ya yi zango guda, ya iya ƙirga har ashirin, sannan muka je wurin surukata da kanmu, ni da maigidana, da shi a cikin yunifom ɗinsa. Maigidana ya yi bayani, ni na kawo maganin da katin asibiti na ajiye a gabanta. Ta yi kuka. Ta ce a cire shi daga makaranta ya huta. Maigidana ya ce, “Inna, wata nawa kina aikensa yana dawowa? Shi ne dai wannan.” Ta daɗe tana kallon yaron yana cire takalmi yana mayarwa. Yanzu ba ya wuce ta ba ta ɗura masa ruwa ba, ko hadari ya haɗu sai ta aiko a sa masa rigar sanyi. Amma tana aikensa, kuma ranar da ya fasa mata kofi ta ja masa kunne.

Ga roƙona ga mai karanta wannan. In kana aiki a inda ake ajiye takardun mutane a kwamfuta, asibiti ne ko makaranta ko shago, ka duba gindinta gobe da safe. In ka ga filasta ko 'yar takarda da kalma ɗaya ta kowa da kowa, don Allah ka yi wa mai wurin magana a raba wa kowa tasa, a buɗe masa iya aikinsa. Kafin a yi hakan kuma, takardar da ba taka ba kada ka buɗe ta. Akwai mai ita, tana jiran ranar da za ta faɗa da bakinta.